Iyali A Matsayin Magani: Yadda Ake Jinyar Matasa Masu Ciwon Ƙin Cin Abinci

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a Tudun Wadar Zariya, wato unguwar nan da ta shimfiɗu daga Ƙofar Doka zuwa gadar Kubanni, ya san girman matsayin abinci a gidan Bahaushe. Da abinci ake tarbar baƙo, da shi ake duba mara lafiya, kuma idan aka ga yaro ya yi ɓul-ɓul, uwarsa ake yaba wa. Don haka idan aka ce akwai wani ciwo da ke sa matashi ya zauna ga tuwo a gabansa, ga yunwa na cin sa, amma ya kasa kai loma baki har ransa ya shiga haɗari, mutane da yawa za su ce ai wannan labarin wata duniya ce. Sai dai ciwon yana nan, kuma likitoci sun san shi fiye da shekara 150.

A ɗauki misalin wata yarinya 'yar shekara 15 da ke aji ɗaya na babbar sakandare, mai ƙoƙari a karatu, mai ladabi, wadda ba ta taɓa ɗaga wa iyayenta hankali ba. Sannu a hankali ta daina karin kumallo, wai za ta makara. Daga baya ta daina cin duk abin da ke da mai, wai yana tayar mata da zuciya. Idan aka zuba tuwon dare sai ta ce, "Umma, na ci a makaranta," ko kuma ta ɗauki kwanonta ta shige ɗaki, daga baya a gane ƙannenta take juye wa. Hijabi da zani sun ɓoye ramar har tsawon watanni. Al'adarta ta ɗauke, kuma tana kukan sanyi ko da a tsakiyar zafin watan Afrilu. An sayo maganin olsa a kemis, an yi gwajin taifot da na zazzaɓin cizon sauro, an sayo maganin buɗe ciki, wata gwaggo ta ce sammu ne, wata ta ce iska ce, amma rama sai ƙaruwa take yi.

Wannan maƙala za ta bayyana irin wannan ciwo, da abin da yake yi wa jiki, sannan ta yi bayanin hanyar jinyar da bincike ya nuna ta fi amfani ga matasa, wadda ta ɗora babban nauyin aikin a kan iyaye da sauran 'yan gida, ƙarƙashin jagorancin likita.

Mene Ne Anoreksiya?

Sunan da likitoci suka ba wannan ciwo shi ne anoreksiya nabosa. Wani likitan Ingila mai suna William Gull ne ya raɗa masa sunan a shekarar 1873, kuma a cikin wannan shekara wani likitan Faransa, Charles Lasègue, ya bayyana shi a birnin Faris. Kalmar anoreksiya daga harshen Girkanci take, ma'anarta rashin sha'awar abinci. Sunan bai dace sosai ba, domin yawancin masu ciwon suna jin yunwa, danne ta suke yi.

Akan gane ciwon da alamomi uku. Ta farko, mutum ya taƙaita cin abinci da kansa har nauyinsa ya yi ƙasa ƙwarai da abin da ya dace da shekarunsa da tsawonsa. Ta biyu, ya riƙa jin matsanancin tsoron ƙiba, ko kuma ya dage a kan ɗabi'un da ke hana shi ƙara nauyi. Ta uku, ya kasa ganin jikinsa yadda yake a zahiri, ko ya kasa fahimtar haɗarin da ramar ta jefa shi. Ciwon ya fi farawa a shekarun balaga, ya kuma fi kama 'yan mata, amma samari ma suna kamuwa.

Wajibi ne a bambanta shi da tamowa. Yaron da ke fama da tamowa ya rame ne saboda babu abinci ko babu mai gina jiki. Mai anoreksiya kuwa abincin yana nan, wani abu ne a cikin tunaninsa ya shiga tsakani. Haka kuma akwai cututtukan da ke ramar da mutum, irin su tarin fuka, da ciwon suga, da tsutsar ciki, da ƙanjamau, da ciwon maƙoƙo mai gaggauta ƙona abinci, waɗanda dole likita ya bincika su tukuna.

Ɗalibi zai iya gwada ma'aunin da ake amfani da shi wajen kwatanta nauyi da tsawo. Ana raba nauyin mutum a kilo da tsawonsa a mita sau kansa. Idan yarinya tana da tsawon mita 1.6 da nauyin kilo 42, sai a ce 1.6 sau 1.6 ya ba da 2.56, sannan 42 a raba da 2.56 ya ba da 16.4. Ga babban mutum, duk abin da ya gaza 18.5 rama ce. Ga matasa kuwa, likita yakan duba jadawalin da ya dace da shekarunsu, domin jikinsu yana kan girma.

Shin Ciwon Turawa Ne?

An daɗe ana ɗauka cewa anoreksiya ciwon 'ya'yan masu kuɗi ne na ƙasashen Turai da Amurka, inda ake ganin siranta ita ce kyau. A ƙasar Hausa al'adar da aka gada ta fi son mace mai jiki, har ma wasu 'yan mata sukan sha magungunan da ake kira sha-ka-fashe domin su yi ƙiba. Duk da haka, tun a shekarar 1981 wani likita mai suna Nwaefuna ya buga rahoton wata 'yar Nijeriya mai wannan ciwo a mujallar likitocin ƙwaƙwalwa ta Birtaniya.

Bincike biyu sun ƙara haske a kan lamarin. A shekarar 1993 Sing Lee da abokan aikinsa suka nazarci marasa lafiya 70 a Hon Kon, suka tarar fiye da rabinsu ba sa ambaton tsoron ƙiba ko kaɗan. Abin da suke cewa shi ne cikinsu yana kumburi, ko abinci ba ya shiga. Sannan a shekarar 2004 aka buga sakamakon wani bincike da aka yi a makarantun sakandare na arewa maso gabashin Gana, inda aka auna 'yan mata 668, aka sami 10 da ramarsu ta yi tsanani ba tare da wata cuta ta jiki ba, sai hana kai abinci kawai. Dukkansu goman ba su damu da siffar jikinsu ba. Sun ɗauki abin da suke yi a matsayin kamun kai da ibada.

Darasin da ke cikin wannan yana da muhimmanci ga unguwa irin Tudun Wada. Ciwon yakan sanya rigar al'adar da ya tarar. A wani wuri zai fito da sunan gudun ƙiba, a wani wuri da sunan olsa, a wani wurin kuma da sunan yawan azumin nafila. Bugu da ƙari, wayar hannu ta kawo hotunan siraran mata daga ko'ina a duniya har cikin ɗakin kwanan 'yan mata, saboda haka tsohuwar al'adar son mai jiki ba ta isa katanga ba.

Abin Da Yunwa Ke Yi Wa Jiki Da Ƙwaƙwalwa

Idan abinci ya yi ƙaranci, jiki yakan fara da sukarin da ya adana a hanta, wanda kan ƙare cikin kamar kwana ɗaya. Daga nan sai ya koma kan kitse, sannan ya fara cin tsokarsa, har da tsokar zuciya. Domin ya yi tattalin ƙarfi, sai ya rage gudun komai. Bugun zuciya ya ragu, jini ya yi ƙasa, hannu da ƙafa su yi sanyi, gashin kai ya riƙa zuba, wani lallausan gashi kuma ya tsiro a baya da damatsa. Tumbi ma yakan yi nawa wajen sauke abinci zuwa hanji, shi ya sa loma uku kan sa yarinya ta ji cikinta ya cika tam. Idan ta ce ta ƙoshi, ba lallai ƙarya take yi ba, kuma wannan ne ke sa a yi zaton olsa ce.

Akwai wani ɗan sashe a ƙasan ƙwaƙwalwa da ake kira haifotalamas, wanda ke kula da yunwa da zafin jiki da sinadaran haihuwa. Idan kitsen jiki ya yi ƙasa, wannan sashe yakan dakatar da saƙon da yake aikawa zuwa ƙwan mace, sai al'ada ta ɗauke, sinadarin istirojin ya ragu. Rashin wannan sinadari yana raunana ƙashi, kuma shekarun balaga su ne lokacin da jiki ke tara babban kaso na ƙarfin ƙashin da zai yi amfani da shi har tsufa.

Ita kanta ƙwaƙwalwa, wadda nauyinta bai wuce kamar kashi 2 cikin ɗari na jiki ba, tana cinye kusan kashi 20 cikin ɗari na ƙarfin da jiki ke ƙonawa. Abin da yunwa ke yi mata ya fito fili a wani gwaji da Ancel Keys ya jagoranta a Jami'ar Minesota ta Amurka a shekarun 1944 da 1945. Samari 36 masu cikakkiyar lafiya suka yarda a rage musu abinci da kusan rabi har tsawon mako 24, inda suka rasa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Sai aka ga halayensu sun sauya. Suka koma ba su da zance sai na abinci, wasu suna tara littattafan girki, suna yayyanka abinci ƙanana suna ɓata lokaci a kansa, ga saurin fushi, ga baƙin ciki, ga ƙaurace wa jama'a. Waɗannan su ne halayen da ake gani ga mai anoreksiya.

Ma'anar wannan ita ce da yawa daga cikin taurin kai da baƙin ran da iyaye ke gani, yunwa ce ta haifar da su. Ƙwaƙwalwar da ke cikin yunwa ba ta iya karɓar nasiha yadda ya kamata, komai daɗin bakin mai nasihar. Hausawa kan ce da ruwan ciki akan ja na rijiya. Dole a fara ciyar da ƙwaƙwalwa kafin a sa ran za ta yi tunani mai kyau.

Ciwon ba abin wasa ba ne. Wani nazari da aka buga a 2011, wanda ya tattara bincike 36, ya nuna cewa yawan mace-mace a tsakanin masu anoreksiya ya kusa ninka na tsaransu sau shida, kuma ɗaya daga cikin biyar na waɗanda suka mutu, kashe kansu suka yi.

Daga Zargin Iyaye Zuwa Dogaro Da Su

Likitocin farko sun ɗauki iyali a matsayin cikas. Gull ya yi gargaɗin cewa dangi su ne mafi rashin dacewa da jinyar irin wannan mara lafiya, shi kuwa Jean-Martin Charcot na Faransa yakan raba yarinya da iyayenta baki ɗaya har sai ta warke. A haka aka tafi kusan shekara ɗari. A shekarun 1970 Salvador Minuchin na birnin Filadelfiya ya fara tara iyali duka a ɗakin magani, har ya sa su ci abincin rana a gabansa, amma shi ma yana ganin tsarin zaman gidan ne ya haifar da ciwon.

Canji ya zo ne daga asibitin Maudsley da ke Landan, inda Christopher Dare da Ivan Eisler da Gerald Russell da George Szmukler suka riƙe dabarar tara iyali, suka ajiye zargin. A shekarar 1987 suka buga sakamakon gwajin da suka yi da marasa lafiya 80 da aka sallama daga asibiti. An raba su gida biyu, wasu aka yi musu jinya tare da iyalinsu, wasu kuma su kaɗai, har tsawon shekara guda. Jinyar iyali ta fi amfani ga waɗanda ciwon ya kama kafin su kai shekara 19, kuma bai kai shekara uku a jikinsu ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

A shekarar 2001 James Lock da Daniel Le Grange da abokan aikinsu suka tsara hanyar dalla-dalla a cikin littafin jagora. A 2010 aka buga wani gwaji da aka yi a jami'o'in Stanford da Shikago da matasa 121 'yan shekara 12 zuwa 18. Shekara guda bayan kammala jinya, kashi 49 cikin ɗari na waɗanda aka bi da su ta hanyar iyali sun warke sarai, idan aka kwatanta da kashi 23 na waɗanda aka yi wa jinya su kaɗai. A 2017 hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta sanya jinyar iyali a matsayin abin da za a fara gwadawa ga yara da matasa.

Kimiyyar gado ma ta taimaka wajen wanke iyaye. Binciken tagwaye ya nuna cewa gado yana da hannu a kimanin rabin bambancin da ke tsakanin mutane wajen saurin kamuwa da ciwon. A 2019 wani gagarumin bincike da ya kwatanta ƙwayoyin gadon masu ciwon 16,992 da na wasu mutane 55,525 ya gano wurare takwas masu alaƙa da shi, ya kuma nuna cewa ciwon ya shafi ƙwaƙwalwa da kuma yadda jiki ke sarrafa abinci. Babu uwar da ta zaɓa wa 'yarta ƙwayar gado.

Yadda Ake Gudanar Da Jinyar

Jinyar takan ɗauki zama kamar 20 da likita ko ƙwararren ma'aikacin lafiya, cikin wata 6 zuwa shekara guda. A farkon kowane zama akan auna nauyin yarinyar. Likita ba ya ɓata lokaci wajen neman wanda ya yi laifi. Idan gobara ta tashi, kashe wuta ake fara yi, binciken wanda ya bar fitila a kunne sai daga baya. Haka kuma yakan koya wa iyali su raba yarinya da ciwon, wato su fahimci cewa mai ɓoye abinci da mai ƙaryar ta ci, ciwon ne, ita kuwa 'yarsu ce da ciwon ya danne. Wannan yana rage faɗa da gori, waɗanda bincike ya nuna suna kawo wa jinyar cikas.

Mataki na farko shi ne maido da nauyi, kuma yakan ci kusan rabin zaman. A nan iyaye ne ke karɓar ragamar abinci gaba ɗaya. Su ke yanke abin da za a ci, da yawansa, da lokacinsa. Akan tsara manyan abinci uku da ƙananan biyu ko uku a kullum, kuma wani babba yana zaune da yarinyar har ta gama, sannan ya ci gaba da zama da ita kamar sa'a guda domin kada ta je ta amayar ko ta shiga aikin wahala don ƙona abin da ta ci. A zama na biyu akan ce iyali su zo da abincin gida su ci a gaban likita. Idan yarinya ta tsaya, likita zai taimaka wa iyaye su haɗa baki, cikin natsuwa, har ta ƙara loma ɗaya a kan abin da ta yi niyya. Wannan loma ɗaya ita ce ke nuna wa iyaye cewa suna iya rinjayar ciwon. Abin da ake nema shi ne ƙarin rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako. Bincike ya nuna cewa matashin da ya ƙara kusan kilo 2 a cikin makonni huɗun farko ya fi samun warkewa.

Mataki na biyu yana farawa ne idan nauyi ya kusa daidaita, kuma faɗan cin abinci ya lafa. A nan ake maida wa yarinya ragama kaɗan-kaɗan. Ta fara zuba wa kanta a gaban uwa, sannan ta ci abincin tara a makaranta ba tare da mai sa ido ba. Idan nauyi ya sake sauka, sai a ɗan koma baya.

Mataki na uku shi ne komawa ga rayuwar matashi, wato karatu, da ƙawaye, da zancen gaba, da kuma sanin alamomin dawowar ciwon domin a tare shi da wuri.

Jinyar A Cikin Gidan Bahaushe

An tsara wannan hanya ne a ƙasashen da gida ya ƙunshi uba da uwa da 'ya'ya biyu ko uku. Gidan Bahaushe ya fi haka yawa, kuma wannan babbar dama ce, domin ciyar da mara lafiya sau shida a rana aiki ne mai gajiyarwa, hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka. Ga kaka, ga gwaggo, ga yaya, ga abokiyar zaman uwa. Amma akwai al'adun da sai an yi musu gyara na ɗan lokaci.

Na farko shi ne cin abinci a kwano ɗaya. Idan 'yan mata huɗu suka kewaye tire, babu wanda zai san yawan abin da kowacce ta ci, kuma mai ciwon za ta yi ta juya hannu har sauran su cinye. Sai a ware mata nata kwanon, uwa ta zuba da hannunta, amma ta ci a cikin jama'a, kada a kai ta ɗaki ita kaɗai kamar wadda ake horo.

Na biyu shi ne matsayin uba. A gidaje da yawa maigida yakan ci abincinsa a zaure ko a turakarsa, kuma bai saba zama da 'ya mace a kan tabarma ɗaya ba. Amma ciwon yana neman ɓaraka ne tsakanin iyaye. Idan uwa ta dage, uba kuma ya leƙo ya ce a ƙyale ta tun da ta ce ta ƙoshi, aikin ranar ya rushe. Yana da kyau uba ya halarci zaman asibiti, ya zauna a kan abinci ko da sau ɗaya a rana, ya kuma san cewa kuɗin cefane zai ƙaru.

Na uku shi ne kunyar ɗan fari. Uwaye da yawa ba sa kiran sunan 'yar fari, ba sa kuma nuna mata kulawa a gaban mutane. Idan mai ciwon 'yar fari ce, zai iya yi wa uwa nauyi ta zauna tana lallashin ta. A nan ko dai uwa ta ajiye kunyar saboda lalura, ko kuma kaka ko gwaggo ta tsaya a madadinta, muddin an san wadda ke da alhakin kowane abinci. Haka nan a gidan da ake karɓa-karɓar girki, dole duk mai ranar girki ta san tsarin, ta kuma bi shi.

Na huɗu shi ne wasa da tsokana. Wasan kaka da jika da na taubasai yana da daɗi, amma cewa yarinya ta koma kamar kazar mayu, ko kuma yaba mata cewa ta fara ƙiba, duka biyun suna iya maida hannun agogo baya. A bar zancen jikinta gaba ɗaya. Aikin 'yan'uwa shi ne hira da ɗebe kewa bayan an gama cin abinci, sa ido kuwa aikin manya ne. Maganar da ta fi amfani gajera ce, kuma ba ta canzawa: "Na san da wuya, amma wannan ne maganinki. Ina nan zaune har ki gama."

Abincin da ake buƙata duk yana kasuwar Tudun Wada. Giram ɗaya na mai yana ba da kalori 9, na sitaci ko furotin kuwa kalori 4, saboda haka ga mai ƙaramin ciki, abinci mai maiƙo ya fi saurin biyan buƙata. Kunun gyaɗa da madara, fura da nono, tuwo da miya da man shanu, wake da shinkafa da mai, ƙosai, alale, awara, ƙwai da dabino duk sun dace. Gyaɗa kaɗai kusan rabinta mai ne. Matashin da ke farfaɗowa yakan buƙaci abinci fiye da na tsaransa masu lafiya, don haka kada a yi mamakin yawan abin da likita zai ce a zuba. Magungunan sha-ka-fashe irin su deksametason kuwa suna tara ruwa a jiki, su kumbura fuska, su ƙara raunana ƙashi, kuma ba sa taɓa tushen ciwon.

Zancen azumi yana buƙatar hikima. Addinin Musulunci ya sauƙaƙa wa mara lafiya ya sha azumi ya rama bayan ya warke, balle azumin nafila. Idan yarinya ta ji wannan daga bakin malamin da take girmamawa, ya fi shiga ranta fiye da ta ji daga likita kaɗai. Haka abin yake ga iyalan Kirista a lokacin nasu azumin. Addu'a da magani ba sa karo, abin gudu kawai shi ne a tsaya a kan ɗaya har lokaci ya ƙure.

Iyakar Jinyar Da Alamomin Haɗari

Alƙaluman da aka kawo a baya sun nuna cewa ba kowa ne wannan hanya ke warkarwa sarai ba. Wasu sukan buƙaci a ga iyaye daban da yarinya, musamman inda faɗa ya yi yawa, wasu kuma wata hanyar jinya daban. A gidan da ake cutar da yaro, ba za a damƙa jinyarsa a hannun mai cutar da shi ba.

Haka kuma iyali ba za su fara wannan aiki su kaɗai ba tare da likita ba. Idan jikin da ya daɗe cikin yunwa ya sami abinci mai yawa farat ɗaya, sinadarin insulin yakan tashi ya kwashe gishirin fosfet da fotashiyam daga jini zuwa cikin ƙwayoyin jiki, abin da kan iya rikita bugun zuciya har ya yi kisa. Wanda ramarsa ta yi tsanani, a asibiti ake fara ciyar da shi ana gwada jininsa. A gaggauta zuwa asibiti idan bugun zuciya ya gaza 50 a minti ɗaya da rana, ko ana suma, ko an ƙi abinci da ruwa gaba ɗaya, ko ana ciwon ƙirji, ko kuma matashi ya fara zancen mutuwa ko kashe kansa. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ya daɗe a Tudun Wada kafin ya koma mazauninsa na Shika a 2005, yana da sashen yara da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa. Akwai kuma Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Ganin likitan ƙwaƙwalwa ba ya nufin hauka.

Gudummawar Malamai Da Ɗalibai

Sau da yawa makaranta ce ke fara ganin alama. Malami zai lura da ɗalibar da ke ramewa, tana jiri a wurin taron safe, tana ƙaurace wa ƙawaye a lokacin tara, alhali makinta na jarrabawa bai sauka ba. Abin da ya dace shi ne ya yi magana da ita a keɓe, ya faɗi abin da ya gani ba tare da zargi ba, sannan a sanar da iyaye. A makarantar kwana, mai kula da ɗakin kwanan ɗalibai za ta iya zama da yarinyar lokacin cin abinci, ko kuma a ba ta izinin komawa gida har mataki na farko ya wuce. Ita kuwa ƙawar da aka ce ta rufa asiri, ta sani cewa sanar da babba shi ne amana a irin wannan hali.

Kammalawa

An ga cewa anoreksiya ciwo ne na haƙiƙa da ya shafi jiki da ƙwaƙwalwa, yana iya ɓuya a bayan olsa ko azumi ko kunya, kuma yunwar da yake jawowa ita ce ke ƙara masa ƙarfi. An kuma ga cewa bayan shekara ɗari ana nesanta iyaye daga jinya, bincike ya dawo da su gaba, domin su ne ke tare da yaro safe da rana da dare. Yarinyar da aka kawo misalinta a farko tana da kyakkyawar damar warkewa idan aka gane ciwon da wuri, likita ya duba ta, 'yan gida kuma suka haɗa kai a kan kwanon abincinta kullum har na tsawon watanni. Aikin yana buƙatar haƙuri, kuma za a gamu da ranakun kuka da na koma-baya, amma sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.